Ajiye aikin gwamnati kafin lokaci: yadda ake ƙara kuɗin fansho, da abin da ƙarin ba zai yi maka ba

Ƙanin mahaifina ya yi shekara 18 yana tuƙi a wani ofishin gwamnatin tarayya a nan Legas. Yana da shekara 46 ya rubuta takardar ajiye aiki. Lissafinsa mai sauƙi ne. Kowane wata saƙo yana shigo masa a waya yana nuna abin da ya taru a asusun fanshonsa, shi kuma kullum yana ganin yayansa a Oko-Oba yana sauke shanu. Sai ya ce zai karɓi kuɗinsa dunƙule, ya hau zuwa Potiskum, ya ɗauro tirela guda, ya huta da sammakon Ikoyi. Da ya je ofishin kamfanin fanshon, aka ce sai ya cika wata huɗu ba shi da aiki. Ya jira. Bayan wata huɗun aka ba shi rubu'in kuɗin, aka ce sauran sai ya cika 50. Rubu'in nan bai kai ko Wudil ba. Kuɗin haya da kuɗin makarantar yara suka cinye shi a Agege.

Ba wanda ya cuce shi. Doka ce, kuma tana nan a rubuce tun kafin ya yi wannan shawara. Ni ɗan kara ne, ban taɓa karɓar albashin gwamnati ba, amma tun daga abin da ya samu Baffa na bi maganar nan na karanta, domin muna da mutane da yawa a kudu da ke cikin wannan hali: 'yan sanda, kwastan, ma'aikatan shige da fice, na gidan gyaran hali, na tashar jiragen ruwa, direbobi, masinjoji, malaman makaranta. Da yawansu burinsu ɗaya, su bar aiki da sauran ƙarfinsu, su koma gida ko su shiga kasuwa.

Abin da na gano a taƙaice shi ne: akwai hanyoyin ƙara wa fansho kauri, kuma suna aiki. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da za ta buɗe maka asusun kafin shekara 50. Wanda ke son tafiya da wuri tukunya biyu yake bukata, ɗaya a cikin asusun fansho, ɗaya a waje.

Wane tsari kake ciki?

Kafin komai ka san wannan, don shawarar da ta dace da wani ba za ta dace da kai ba.

A tsohon tsari gwamnati ce ke biyan fansho daga aljihunta, ana lissafa shi da yawan shekarun aiki da albashin ƙarshe. Wanda ya yi shekara 10 yana samun kashi 30 cikin 100, yana hawa har kashi 80 ga wanda ya cika 35, ga garatuti a gefe. Dattawan da suka yi ritaya a wancan tsarin na tarayya, hukumar PTAD ce ke biyansu yanzu. Mafi yawan labarin fansho da muke ji a majalisa daga bakin su ya fito, kuma a nan ruɗanin yake farawa, domin tsarin da 'ya'yansu ke ciki daban ne.

A 2004, zamanin Obasanjo, aka kawo tsarin zubi. Aka sake dokar a 2014, ita ce ake aiki da ita. Kowane ma'aikaci yana da asusunsa na kansa, RSA, a hannun kamfanin kula da fansho da ake kira PFA, hukumar PenCom kuma tana sa musu ido. Kowane wata ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinka, gwamnati ta ɗora kashi 10, ya zama 18. Ba a kan duk abin da ke shigo maka ake lissafin ba, mafi ƙaranci a kan gundarin albashi ne da alawus na gida da na sufuri. Abin da ya taru, da ribar da aka samu wajen juya shi, shi ne fanshonka. Babu wani alkawarin kashi kaza na albashi.

Sojoji da jami'an tsaron farin kaya an fitar da su daga wannan tsari. 'Yan sanda suna ciki, ko da yake sun daɗe suna neman a cire su, har tsofaffinsu suka yi zanga-zanga a Abuja a 2025. Jihohi kuwa kowace da dokarta. Legas ta shiga tsarin zubi tun 2007, hukumarta ita ce LASPEC. Edo da Kaduna su ma suna ciki. Kano da Jigawa suna cire zubi daga albashi, amma asusu ɗaya ake tarawa a biya mutum gwargwadon shekarunsa, ba asusun kowa daban ba. Wasu jihohin har yau tsohon tsari suke bi. Bayanin da ke ƙasa na mai asusun RSA ne.

Wani ɗan uwa da ke aikin asibiti a Ingila zai iya ce maka shi yana sayen ƙarin fansho, har yana biya don a rage masa shekarun jira. Gaskiya ne, a can akwai haka. A tsarinmu na zubi ba a sayen shekara. Kuɗi ake tarawa, shi ke nan.

Katangar shekara 50

A aikin gwamnatin tarayya ritayar dole tana zuwa ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga. Malaman firamare da sakandare an ɗaga musu zuwa 65 ko 40 da dokar 2022, farfesoshi kuwa 70. Duk wanda ya tafi kafin wannan, da wuri ya tafi. Amma da wuri iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne.

Dokar 2014 ta ce mutum zai fara cin asusunsa idan ya yi ritaya ko ya cika shekara 50, duk wanda ya zo daga baya. Wato idan ka ajiye aiki kana da 52, ƙofa a buɗe take. Idan ka ajiye kana da 46, sai ka jira shekara huɗu. Abin da kawai doka ta yarda a ba ka a tsakani shi ne abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusun ba, bayan ka yi wata huɗu ba ka samu wani aiki ba, kuma sau ɗaya. Wannan shi ne rubu'in Baffa.

Akwai togaciya ga wanda rashin lafiya ta hana shi aiki, idan likita ko kwamitin likitoci suka tabbatar, ko wanda ya samu nakasa ta dindindin. Wannan ba dabara ba ce da mai lafiya zai bi, kuma ba fata muke yi wa kowa ba.

Kada kuma a manta, rubu'in nan ba kyauta ba ne. Daga cikin kuɗinka aka yanko shi. Abin da ka karɓa a 46, ba zai kasance a wurin ba a 50, shi da ribar da zai haifa.

Zubin ganin dama

Wannan ita ce babbar hanyar ƙari a cikin asusun, kuma abin mamaki ma'aikata da yawa ba su ma san da ita ba. Bayan zubin dole na kashi 8, doka ta ba ka dama ka ce a riƙa cire maka wani abu a kai, ya shiga asusunka. A ofisoshin fansho VC suke ce masa, wasu su ce AVC. Ba ka bukatar sabon asusu ko sabuwar lamba.

Yadda ake yi: ka fara sanar da PFA ɗinka, sannan ka rubuta wa ofishinku ta hannun sashen albashi, ka faɗi nawa za a riƙa cirewa. A ka'idar 2018 ta cikin albashi yake bi, ba wai ka ɗauki ribar raguna bayan sallah ka kai musu a leda ba. Ka'idar PenCom ta 2018 ta ce kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin wata. Mai ƙaramin albashi ba zai ma kusanci wannan iyakar ba, dubu biyar ko dubu goma ma zubi ne.

Kuɗin da ka zuba ana raba shi gida biyu. Rabi a kulle yake, sai ranar ritaya. Ɗaya rabin kana iya cira idan bukata ta taso, bayan ya kwana wani lokaci a asusun. Ka'idar farko ta sa shekara biyu tsakanin cira da cira, kuma PenCom takan taɓa wannan wa'adi, saboda haka ranar da za ka fara ka sa PFA su rubuta maka wanda ake aiki da shi. Wannan rabin na biyu shi kaɗai ne kuɗin da ke cikin RSA da mutum zai iya karɓa a hannunsa yana bakin aiki ba tare da ya jira 50 ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Amfaninsa na farko haraji ne. Abin da aka zuba a fansho ana cire shi ne kafin a lissafa harajin albashi, saboda haka wani ɓangare na abin da ka zuba da ma ba aljihunka zai shiga ba. Amma idan ka ciri kuɗin kafin ya cika shekara biyar, za a cire haraji a kan ribar da ya samu. Amfani na biyu, wanda a wajena ya fi na farko, shi ne ba ya biyowa ta hannunka. Duk wanda ke zaune a Sabo ko Agege ko Ama Hausa ya san yadda albashin ma'aikaci yake. Ranar da alat ya shigo, waya ba ta hutawa: suna a gida, biki, asibiti, baƙon da ya sauka ba kuɗin mota. Ba za ka hana ba, kuma bai kamata ka hana duka ba. Amma abin da aka cire tun daga sama, ba wanda zai roƙe ka shi.

Illarsa ita ma a fili take. Gwamnati ba ta ɗora maka komai a kansa, kashi 10 ɗinta yana nan yadda yake. Sannan hauhawar farashi tana cin kuɗin da ke kwance. A Disamba 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100, kuma a irin wannan shekarar da wuya ribar asusu ta kamo ta. Wanda ya sayi ɗan maraƙi a wannan shekarar ya fi wanda ya ajiye takarda, in maraƙin ya rayu. Shi ya sa ban ce ka zuba duk abin da ka rage a nan ba.

Bari mu yi lissafi

Misali ne nawa, ba alƙaluman wani ofishi ba. A ce ɓangaren albashinka da ake lissafa fansho a kai naira 150,000 ne. Naka 12,000, na gwamnati 15,000, jimla 27,000 a wata, 324,000 a shekara.

Yanzu ka ƙara zubin ganin dama na 15,000 a wata, wato 180,000 a shekara, mu ƙaddara ribar kashi 10 a shekara don sauƙin lissafi kawai. Wanda ya fara yana da 45, zuwa 50 ya zuba 900,000, zai tarar da kusan miliyan 1.1. Wanda ya fara a 38 ya zuba miliyan 2.16, zai tarar da kusan miliyan 3.8. Wanda ya fara a 30 ya zuba miliyan 3.6, zai tarar da sama da miliyan 10. Kuɗin wata iri ɗaya ne, shekaru ne suka bambanta. Idan saura shekara uku ka tafi ne ka fara tunanin zubin nan, ba zai yi maka wani abin kirki ba, gara ka nemi wata hanya.

Sai ɗaya gefen lissafin, wanda masu ɗokin tafiya ba sa son ji. Wanda ya tafi a 50 maimakon 60 ya bar wata 120 na zubi. A misalinmu naira miliyan 3.24 ke nan, kuma miliyan 1.8 daga ciki kuɗin gwamnati ne da ya yafe. Ba mu ma sa riba ba, ba mu sa ƙarin girma ba, alhali shekarun ƙarshe su ne na albashi mafi tsoka. Zubin ganin dama aikinsa ya cike wannan ramin ne, ko wani sashe nasa.

Inda kuɗin ke kwana

Akwai ƙarin da ba ya bukatar ka fitar da ko kwabo.

Tun Yuli 2018 aka raba kuɗin fansho aji-aji. Wanda bai kai 50 ba ana ajiye shi a Asusu na Biyu kai tsaye. Mai 50 zuwa sama yana Asusu na Uku, inda aka rage kasada. Na Huɗu na waɗanda suka riga suka yi ritaya ne. Na Ɗaya shi ne ya fi shiga hannun jari, yana iya hawa sosai yana kuma iya faɗuwa, ba a sa mutum a ciki sai ya nema a rubuce, kuma sai wanda bai kai 50 ba. Matashin da ke da shekara 20 a gabansa yana iya jure faɗuwar shekara ɗaya ko biyu. Wanda ke shirin tafiya nan da shekara uku, ni dai ba zan ba shi wannan shawarar ba.

Ga masu gudun kuɗin ruwa, akwai Asusu na Shida, wanda ake juya shi ta hanyoyin da ba ruwa, irin su sukuk. Shi ma sai ka nema. Na sha jin mutanenmu suna cewa ba za su ƙara ko sisi a fansho ba saboda riba, alhali takarda ɗaya ce tsakaninsu da wannan asusun.

Tun Nuwamba 2020 kuma ma'aikaci yana da damar sauya PFA sau ɗaya a shekara, kyauta. Ribar kamfanonin ba ɗaya ba ce. Kada ka sauya don wani ɗan talla ya ba ka hula da biro, ka duba abin da suka samar cikin shekara uku ko biyar, ba na wata shida ba.

Abu na ƙarshe a nan, kuma shi ya fi tsada idan aka yi sakaci: ka riƙa karanta bayanin asusunka. Doka ta ce a tura zubi cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ka ɗauki takardar albashinka ka gwada da abin da ya shiga, wata bayan wata. Idan an yi maka ƙarin girma, zubin ya kamata ya hau. Watan da aka cire ba a tura ba, yau ne yake da sauƙin bi. Bayan shekara goma, wanda ya san fayil ɗin ya yi ritaya ko an yi masa canji.

Ranar karɓa

Idan ka cika sharaɗi, ba duka za a zuba maka a hannu ba, sai idan abin da ke asusun ya yi ƙanƙantar da ba zai iya ba da fanshon wata-wata ba. Za a ba ka wani kaso dunƙule, gwargwadon abin da zai bar isasshe a baya, sauran kuma ka zaɓi ɗayan biyu. Ko PFA ta riƙa biyanka wata-wata daga asusunka, in ka rasu abin da ya rage na magada ne. Ko ka miƙa wa kamfanin inshorar rai ya riƙa biyanka har ƙarshen rayuwa, wanda suke kira anuwiti. A wannan, idan mutum ya rasu cikin shekara 10 na farko ana biyan magada ragowar shekarun, bayan nan kuwa babu. Daga na farko ana iya komawa na biyu, amma daga na biyu ba a dawowa.

Wajen lissafa na wata-wata ana duba shekarunka. Mai 50 ana ƙaddara zai daɗe yana karɓa fiye da mai 60, saboda haka ko kuɗinsu ɗaya ne a asusu, na mai 50 zai fi sirantaka. Tuwo ɗaya ne aka ƙara masa baki. Rabin zubin ganin dama da aka kulle, a wannan ranar yake fitowa, ya ƙara maka.

Wanda ya fara aikin tarayya kafin tsakiyar 2004 yana da wani haƙƙi na shekarun da ya yi a tsohon tsari, wanda gwamnati ke biya cikin asusunsa idan ya yi ritaya. An sha jinkirin wannan kuɗin, mutane suka yi wata da watanni ba albashi ba fansho, har a 2025 gwamnati ta amince da takardun bashi na naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho. In kana cikin waɗannan, ka tanadi abin da za ka ci na watannin jira.

Tukunya ta biyu

Yanzu ga wanda ya ƙudura sai ya tafi kafin 50. A ce a 45 za ka tafi, gidanka kuma yana cin 120,000 a wata. Wata 60 ke nan, naira miliyan 7.2 a farashin yau. Idan asusunka yana da miliyan 6, rubu'insa miliyan 1.5, abincin shekara ɗaya da 'yan kwanaki. Sauran shekara huɗun fa? Dole su fito daga waje: rabin zubin ganin dama da ake iya cira, da abin da ka gina da hannunka.

Sukuk na gwamnatin tarayya yana cikin abin da ya dace da wannan. An fara shi a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana shiga da 10,000, ana biyan haya sau biyu a shekara, uwar kuɗi ta dawo bayan shekara 7 ko 10. Ba kowane wata ake fitar da shi ba, sai ofishin kula da basussuka, DMO, ya sanar. Dabarar ita ce ka saya yadda wa'adinsa zai faɗo cikin shekarun da ba ka da albashi. Akwai kuma takardar ajiya ta gwamnati da ake sayarwa kowane wata daga 5,000, ta shekara 2 ko 3, amma ita kuɗin ruwa take biya, mai gudunsa ya sani. Ƙungiyar taimakon juna ta ofis da adashi suna da amfani wajen haɗa jari, sai dai adashi ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka kwasa.

Gida ma fansho ne. Wanda ba ya biyan haya a Legas ko Fatakwal ya rage rabin abin da yake bukata. Tun 2022 PenCom ta yarda mai asusu ya yi amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na RSA ɗinsa a matsayin kafin alƙalami na bashin sayen gida, idan ya yi zubi na wata 60, kuma ba ya cikin shekara ukun ƙarshe kafin ritaya. Banki ake turawa, ba hannunka ba, kuma sauran bashin yana kanka. Idan ka bar aiki bashin bai ƙare ba, ka ɗaura wa kanka dutse. Kashi biyu da rabi da ake cire maka na asusun gidaje, NHF, shi ma kuɗinka ne, ana nemansa bayan ritaya in ba bashinsu a kanka. Mutane da yawa suna mantawa da shi.

Sai maganar da na fi sani, dabba. Tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya bar masa noma. A fahimtata, turke shanu biyu ko raguna goma a gida a hannun ƙaninka yana cikin wannan dama. Ka zama kai ne ke tsaye a Kara ta bakin gadar Berger kana ciniki ranar Talata da safe, wannan wani abu ne daban, kuma takardar tuhuma tana iya biyo shi.

Kiwon turke yana ba da riba, musamman wanda aka auna da babbar sallah. Amma ina roƙon ma'aikata su daina yi masa kallon fansho. Fansho ba ya kamuwa da ciwon huhu. Na ga shekarar da dusa da harawa suka cinye ribar tun kafin a ɗora dabba a mota. Na ga tirela ta kwanta a hanya da jarin mutum uku. Ga kuɗin shingaye tun daga Maigatari har Ogun, ga la'adar dillali, ga babban ciwon kara, bashin mahauta: ka ba da sa da safe, a ce kuɗi sai yamma, yamman ta zama wata biyu. Mahaifina ya shekara talatin a ciki kuma har yau akwai wanda yake bi. Wanda zai shiga bayan ya bar aiki, ya fara da kaɗan tun yana karɓar albashi, ya yi shekara uku ko huɗu yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Idan littafin ya nuna dabbar tana iya ciyar da gida ba tare da albashi ya tallafa mata ba, to a lokacin ne za a yi maganar takardar ajiye aiki. Baffa da ya dawo kara, mahaifina bai ba shi shanu ba, littafin bashi ya miƙa masa, ya ce: «Malam ƙarami, fara da wannan, ka ga inda kuɗin suke kwana.»

Matar gida mai sana'a, ko ɗan uwa ɗan kasuwa, su ma suna da tasu ƙofar. A Maris 2019 aka buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, ana zuba abin da ya samu, wani kaso ana iya cira, wani a kulle. Gidan da ke da asusu biyu ya fi ƙarfin jure shekarun jira.

Abin da ke tafiya tare da aikin, da takardu

Ranar da ka ajiye aiki ba albashi kaɗai ka ajiye ba. Inshorar rai da doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi maka, wadda ke biyan iyali aƙalla ninki uku na albashin shekara idan ma'aikaci ya rasu a bakin aiki, ta tsaya. Inshorar lafiya da ke ɗauke da kai da mata da yara huɗu ita ma ba za ta bi ka ba yadda take. Mai hawan jini ko ciwon suga ya sa kuɗin magani a cikin lissafin wata 60 ɗin nan.

Ana ba da sanarwar wata uku kafin ritaya. Ma'aikatan da ake biya daga baitulmalin tarayya suna yin rajistar tantancewa da PenCom kafin su tafi, yanzu ta intanet ake farawa. Ka tanadi takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, da takardun albashi.

Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne suna da ranar haihuwa. A fayil ɗin ofis Mohammed, a katin NIN Muhammad, a banki Mamman. A wata takardar an haife shi 1977, a wata 1979, saboda rantsuwar shekaru da aka yi a kotu lokacin neman aiki. Katangar 50 da shekarun da ke rubuce a wajensu ake auna ta, ba da abin da mahaifiyarka ta sani ba. Wanda ya rage shekara biyu don ya samu aiki, zai jira ƙarin shekara biyu kafin asusun ya buɗe. Ka je PFA ka sabunta bayananka, ka daidaita su da NIN tun kana da katin ofis a wuyanka. Sannan sunan da ka rubuta na makusanci ba shi ne magaji ba, wanda za a nema ne kawai. Idan ta Allah ta kasance, sai iyali sun kawo wasiyya da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma a nan kudu daga babbar kotun jiha ake karɓo ta. Ka faɗa wa matarka da babban ɗanka sunan PFA ɗinka da lambar asusun, ka nuna musu inda fayil ɗin yake.